Tambaya da Amsa: In cire farabol in koma kallon tele ta intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, da fatan an wuni lafiya. Ni magidanci ne a nan Damagaram, unguwar Zango, shekara da shekaru ina biyan abonema na dikoda jika goma duk wata, to yanzu abin ya fara min nauyi wallahi, ga cefane ga kuɗin makarantar yara, kuma yawancin tashoshin nan ba mai kallon su a gidan, ni dai ƙwallo da labarai. Ƙanena ya ce in cire kawai in sayi ƴar na'urar nan da ake maƙalawa a bayan tele ana kallon komai ta intanet. Hajiyarmu tana gidan, ita Tele Sahel da wa'azi su ne nata. In cire ko in bari?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara buɗi ya kuma ƙara wa Hajiya lafiya. Ƙanenka ya faɗa maka rabi ne ya bar rabi. Na'urar gaskiya ce, akwai Fire TV Stick na Amazon, akwai na Xiaomi, akwai Chromecast da Google ta fito da shi a 2013 ta kuma daina ƙera shi a 2024, ga kuma akwatunan Android da suka cika kasuwa, sau ɗaya za ka saya shi ke nan. Amma ita ba ta da komai a cikinta, duk abin da ka gani a tele ta intanet ya biyo, wato abonemar da ka gudu tana nan tana jiran ka a wajen sayen forfe.

To zo mu yi lissafi, don nan maganar take. Netflix, manhajar kallon fina-finai ta intanet, da kanta ta ce awa ɗaya na kallo a hoto matsakaici yana iya cin giga 1, in hoto mai kyau ne na HD ya kai giga 3. Ka ɗauka gidanka ana kunna tele awa 4 a rana, kuma ka san gidan da ke da yara ya wuce haka, to ko a matsakaicin ma giga 120 ke nan a wata. Ka duba wajen Airtel ko Moov ko Zamani nawa giga 120 zai ci maka, ka ajiye kusa da jika goman nan, ka gani da idonka wane ya fi. Mutane da yawa a nan suke faɗawa, sai sun sayi na'ura sun haɗa da wayar maigida, kwana uku forfen wata ya ƙare, ana ta mamaki. In kana da wifi na gida wanda ba a ƙayyade masa giga ba, ko kun haɗa kuɗi da maƙwabta kun sa Starlink, intanet ɗin nan ta tauraron ɗan'adam, tunda an ba shi izini a Nijar, to wannan maganar daban ce, na'urar za ta yi maka riba sosai.

Sai rezo. Kafin ka fitar da ko dala, ka zauna a falon da telen take, bayan sallar isha lokacin da kowa ya hau intanet, ka kunna YouTube a wayarka minti talatin. Ka yi haka mako guda. In yana tsayawa yana juyi a waya, a tele sai ya fi haka. Ka kuma leƙa bayan telenka ko tana da ramin HDMI inda ake maƙala na'urar, in tsohuwa ce mai wayoyin nan ja da fari da rawaya sai ka ƙara da ƴar na'urar da ke haɗa HDMI da waɗannan wayoyin.

Maganar ƙwallo kuwa ina roƙonka ka yi hattara. Za ka samu masu ce maka ka kawo kuɗin shekara su sa maka lambar IPTV, wato tashoshin tele ta intanet, tashoshi dubbai har da duk wasannin Turai. Yawancinsu satar hanya ce, ana iya rufe ta ana tsakiyar wasa kuma ba wanda za ka riƙe, kuɗinka ya tafi. Manyan wasannin Turai a ƙasashenmu Canal+ ke da haƙƙin nuna da yawa daga ciki, ko ta manhajarsu za ka kalla sai da abonema. Kuma ko ta halal ɗin, hoton intanet yana zuwa a makare, maƙwabci mai farabol zai riga ka ihun an ci.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne Hajiya. Dattijuwar da ta saba ta danna lamba ɗaya tasharta ta fito, bai kamata a bar ta tana jiran jika ya dawo daga makaranta ya nemo mata wa'azi a cikin manhaja ba. Don Allah kar ka sauke farabol ɗin daga kan soro. Ka kira mai gyara ya duba ko zai iya saita maka shi da dikodar da ke kama tashoshin kyauta, ko ka sauko zuwa ƙaramin abonema, ita kuma na'urar ka ƙara ta a gefe don YouTube da karatun yara, ka sa ingancin hoton a 480, wato matsakaici, don ya rage cin forfe, ka kuma kunna takunkumin yara da ke cikinta tun ranar farko. Da zafin watan Afrilu kar a bar ta a matse tsakanin tele da bango tana ɗaukar zafi, in an gama kallo a zare ta daga wuta. Ka gwada wata biyu a haka kana rubuta abin da ka kashe, sai ka sake rubuto mana mu ji yadda lissafin ya kaya.