Zauren Lauya: Inji ya cinye yatsun yarona, wa zai biya?

Tambaya: Salam Barista, ina da gidan burodi a Zariya, ma'aikata 18 har da masu kai kaya. Watan jiya injin kwaɓa fulawa ya kama hannun wani yaro yatsu biyu suka tafi, ni na biya kuɗin asibiti duka amma yanzu yayansa ya zo wai sai na biya diyya ko su kai ni kotu, kuma wai ma ba na biyan dubu 70 ɗin da gwamnati ta ce. Ni kam tunanina in sallami yaron in huta. Ya kake gani? Mai gidan burodi, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumussalam Alhaji, Allah ya ba yaron lafiya. Don Allah batun sallama ka ajiye shi gefe tukuna, wallahi wannan ita ce hanyar da za ta kai ka kotun da kake gudu.

Bari in fara da mai sauƙin. Dubu 70 a matsayin mafi ƙarancin albashi a wata gaskiya ne, Shugaba Tinubu ya sa wa dokar hannu a watan Yulin 2024, daga dubu 30 na 2019, kuma aka ce duk shekara 3 za a riƙa dubawa maimakon 5. Amma dokar ta cire wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kai kuma 18 gare ka, to a nan yayan nasa bai da hujja a kanka. Ba wai na ce ka riƙa ba su abin da ko kuɗin mota bai kai ba fa, doka daban tausayi daban.

Inda ƙurar take shi ne raunin. Akwai dokar diyyar ma'aikata ta 2010, ita ba ruwanta da ko ma'aikatanka 5 ne ko 500, ta ce duk mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya a asusun NSITF, wato hukumar gwamnati mai biyan diyyar ma'aikatan da suka ji rauni a bakin aiki, kuma daga aljihunsa, haramun ne ya cire a albashin yara. A ce albashin gidanka gaba ɗaya dubu 900 ne a wata, dubu 9 kacal kenan, da kana zubawa da yanzu asusun ne zai ɗauki diyyar ba kai ba. Kuma dokar ta ce a kai rahoton hatsarin cikin kwana 7. Na san amsar da za ka ba ni, ba wanda ya taɓa faɗa maka, haka kusan kowa ke cewa in ya shigo ofishina, sai dai alƙali ba ya karɓar ban sani ba.

Sannan kotun da za su je ba irin wadda ka saba gani ba ce. Tun gyaran tsarin mulki na 2010 rikicin ma'aikaci da ubangidansa ya koma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma an ba ta dama ta duba yadda ake yi a sauran duniya, shi ya sa tsohon zancen nan na ni na ɗauke shi ni zan kore shi ba sai na faɗi dalili ba ya fara rasa ƙarfi a can. Yaro ya rasa yatsu a bakin aikinka, ko wata biyu ba a yi ba ka kore shi, kai ma in kai ne alƙali me za ka gani? Ka nemi lauya a nan Zariya, ku zauna da iyayen yaron da wani dattijo da kowa ke jin nauyinsa, a yi sulhu a rubuta a sa hannu, ka adana rasit ɗin asibiti ko na panadol ne, ka ba shi aikin da hannunsa zai iya kamar lissafin kaya a kanta. Kuma ka je ofishin NSITF ka yi rajista kafin injin ya sake kama wani. Sauran 17 ɗin ma kowa a ba shi takardar ɗaukar aiki, doka ta ce cikin wata 3 da fara aiki.

Tambaya: Barista ina da adaidaita sahu guda 6 da na ba yara, 'yan sanda sun dame su da batun inshora, kuma ni malaminmu ya ce akwai riba a ciki. Hajiya daga Kano.

Amsa: Hajiya ba sabon abu ba ne, inshorar wanda aka buge ta daɗe da zama dole, abin da ya sauya shi ne farashi da tsanani. Daga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta mayar da kuɗin inshorar motar gida dubu 15 daga dubu 5, iyakar abin da ake biyan wanda aka yi wa ɓarnar dukiya kuma ya tashi daga miliyan 1 zuwa 3, kuɗin inshorar adaidaita kuwa dubu 5 ne, sannan 'yan sanda suka fara kame gadan-gadan ranar 1 ga Fabrairun 2025. Ki kula da takardar bogi, irin wadda ake haɗa wa mutum a gindin bishiya wajen sabunta takardun mota, ki sa lambar keken a shafin NIID na intanet inda ake tantance inshorar ababen hawa, in ba ta fito ba to takarda ce kawai kika saya. Batun riba kuma akwai takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, tun 2013 aka fitar da ƙa'idojinsa, kuɗin gudunmawa ne ake tarawa don taimakon juna kuma malamai ke sa ido, ki ɗauki takardunsu ki kai wa malamin naki ya duba da kansa.

Wani ƙarin, a Agustan 2025 an sa hannu a sabuwar dokar inshora da ta maye gurbin ta 2003, ta ɗaga jarin kamfanonin, masu inshorar dukiya biliyan 15 masu ta rayuwa biliyan 10, to ki tambaya ko kamfanin da za ki ba kuɗinki na nan da lasisinsa.

Tambaya: Wai dole sai na sa sunan ƙanina kafin in yi rajistar kamfani? Mai sayar da waya, Gusau.

Amsa: A'a ɗan'uwa, wannan tsohon yayi ne. Tun dokar kamfanoni ta Agustan 2020 mutum ɗaya na iya buɗe kamfaninsa a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, shi kaɗai, mafi ƙarancin hannun jari dubu 100. In ma ka riga ka sa shi don cike gurbi to ka sani a takarda yana da kaso na gaske, ranar rabon gado 'ya'yansa ma za su iya tambaya, ku gyara tun kuna dariya da juna.