Wai giyar da maigidana ke sha rigakafin ciwon suga ce

Salam Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Shekararmu tara da aure yaranmu uku, maigidana mutumin kirki ne wlh ban taɓa neman abu na rasa ba, to tunda aka mayar da shi aiki Fatakwal sai ƙarshen wata yake zuwa Kaduna. Zuwansa na watan jiya naje ɗauko doya a but ɗin mota sai naga wata baƙar leda an cusa ta bayan safaya taya, ina buɗewa naga kwalba biyu ɗaya har an sha rabi, warin kawai ya isheni. Da dare na tare shi ina kuka, bai ma yi musu ba, cewa yayi magani ne. Mahaifinsu ciwon suga ne ajalinsa sai da aka yanke masa ƙafa, shine wai wani abokin aikinsa ya nuna masa binciken turawa a waya cewa namiji mai lafiya in yana ɗan sha kaɗan jikinsa zai fi karɓar insulin, suga ba zai kama shi ba. Shekarunsa 38 lafiyarsa ƙalau, amma tumbi ya fara fitowa, wandunansa biyu na kai wa tela ya buɗa ƙugu. Yace sai Asabar kawai yake sha da abokai, kamar kwalba huɗu da farfesun kifi. Anti ni ba karatun asibiti nayi ba ya rufe min baki da turanci, maganar nan gaskiya ce? Ko in kai ƙararsa wajen Hajiyarsu?

*

Wa'alaikis salam ƙanwata. Share hawayenki tukuna, Hajiya kuma a barta ta huta yanzu, matar da ta yi jinyar miji har aka yanke masa ƙafa ba da wannan labarin za a fara gaishe ta ba.

Insulin ɗin da yake faɗa, wata tsoka ce a bayan tumbi da likitoci ke kira fankiriyas take fitar da shi, aikinsa yaje yayi sallama a ƙofar naman jiki da hanta a buɗe suga ya shige daga jini. Jikin mai lafiya sallama ɗaya yake amsawa. In jiki ya fara kunnen ƙashi sai an yi ta bugun ƙofa da insulin mai yawa, a haka shekara da shekaru har tsokar ta gaji, to nan ciwon suga yake shigowa.

Abokin nasa ba ƙarya ya shirga gaba ɗaya ba, rabin zance ya kawo. An daɗe ana ganin a ƙididdigar ƙasashen turawa masu sha kaɗan sun ɗan fi waɗanda basa sha ƙarancin ciwon suga, sai dai cikin "marasa shan" nan akwai mutane da yawa da ciwo ne ma ya sa suka daina, kinga dole lissafi ya karkace. A 2015 an tattara gwaje-gwaje 14 da aka ba masu lafiya giya ana auna su, da aka haɗa sakamakon gaba ɗaya ba a ga jiki ya ƙara amsa insulin ba, ɗan alamar da aka gani ma a mata ne, a maza babu. Wato shi da yake tutiya da binciken ko sunansa babu a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a Janairun 2023 ta fito tace babu wani adadin giya da za a kira mara illa.

Sannan kwalba huɗu a zama ɗaya ai ba kaɗan bane ko a ma'aunin su masu binciken, babbar kwalbar nan ɗaya ta kusa biyu na abin da suke ƙirgawa a matsayin sha ɗaya. Giram ɗaya na barasa kalori 7 ne, ya kusa na mai da yake 9, hanta kuma in giya ta shigo ajiye komai take ta koma kanta, kitse ya taru a hantar da ciki, kuma kitsen ciki yana cikin na kan gaba wajen hana jiki amsa insulin. Telan ki ya riga likita gano matsalar. Yawan sha yana iya kumbura ita kanta fankiriyas ɗin.

Ta fuskar addini ba sai na ja ba, ya sani, an tambayi Manzon Allah (SAW) kan yin magani da giya yace ba magani bace cuta ce. Amma ni tsoro na hango a mutumin nan, ya ga abin da ya faru da babansa, ga kaɗaici a garin mutane ga abokai, sai ya samu uzurin da zai fake. Ta nan zaki shigo masa, ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, banda gori banda gaban yara, kice kema tsoron sugan nan kike kuje a auna ku tare. Da safe kafin a ci komai ake gwajin, sugan jini a ma'aunin mg/dL ƙasa da 100 lafiya, 100 zuwa 125 an fara gargaɗi, 126 zuwa sama in an maimaita ya tabbata. Ya roƙi a duba masa hanta ma, kuma ya yi wa likitan tambayar nan da bakinsa kina zaune.

In rigakafi yake so da gaske akwai wanda aka gwada a Amurka aka fitar a 2002, masu hatsarin kamuwa da aka ɗora kan rage kusan kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da tafiyar sauri minti 150 a sati, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin ɗari. Minti talatin ne kwana biyar, sai a rage lemon kwalba da tulin shinkafar dare.

Abu ɗaya ki sa wa ido, kwalbar da ta biyo shi har Kaduna a ɓoye ta sa ina shakkar zancen Asabar kawai. In ya kwana biyu bai sha ba kika ga hannunsa na rawa, gumi, rashin barci, to jikin ya saba, irin wannan ba a yanke ta lokaci ɗaya a gida don tana iya kawo farfaɗiya, asibiti zaku. In kuma ya ƙi zuwa gwajin ya ƙi zancen, ki samu yayansa ko amininsa na ƙuruciya wanda yake jin nauyi, ki sake rubuto min yadda kuka yi.