Tambaya da Amsa: Samarin da ke sauka da jirgi a tsakiyar teku

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na ga bidiyon jirgin sama yana sauka a kan jirgin ruwa. Wai da gaske ne a Yaƙin Duniya na Biyu samari sa'o'inmu ke wannan aiki? Da wane hali suka yi shi? Daga wani ɗalibi a Daura.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗana. Gaskiya ne. George Bush babba, wanda daga baya ya shugabanci Amurka, bai cika shekara 19 ba ya zama matuƙin jirgin sama na sojan ruwa a 1943. Ran 2 ga Satumba 1944 Japanawa suka harbo jirginsa a tsibirin Chichijima. Jirgin ƙarƙashin ruwa ya tsamo shi, abokan tafiyarsa biyu kuwa ba su dawo ba.

Ko an tsira daga harsashi, da sauran rina a kaba. Titin filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa a nan Katsina yana wuri guda, yana jiran mai sauka. Nasu titin, da ke kan jirgin ruwa, kamar mita 250 ne kacal, yana tafiya, yana tangaɗi. Dole ƙugiyar da ke wutsiyar jirgi ta cafko ɗaya daga igiyoyin ƙarfe da aka gitta, ga wani hafsa tsaye a gefe da faifai biyu yana nuna a yi sama ko ƙasa. In ya ce a sake zagayowa, sai a sake, ko da mai ya kusa ƙarewa.

Labarin da ya fi taɓa min zuciya shi ne na yaƙin Midway, a tekun Pasifik. Ran 4 ga Yuni 1942 jiragen sama 15 suka tashi daga jirgin ruwan Amurka mai suna Hornet ɗauke da mutum 30, suka afka wa Japanawa ba masu rakiya. George Gay kaɗai ya rayu. Kyaftin ɗin Hornet a ranar, Marc Mitscher, shi ke jagorantar manyan jiragen ruwa masu ɗaukar jiragen sama bayan shekara biyu a Tekun Filifin. Daren 20 ga Yuni 1944 matuƙansa suka juyo daga kai hari cikin duhu, mai ya yi ƙasa. Doka ta hana haske saboda jiragen ƙarƙashin ruwa na abokan gaba, amma ya ce a kunna fitilu duka. A wurina ya yi daidai: shugaban da ya tura 'ya'yan mutane, haƙƙinsa ne ya nuna musu hanyar gida. Duk da haka kusan jirage 80 suka salwanta a wannan dawowa, sai dai an tsamo akasarin mutanen daga ruwa.