Babur ya yi nauyi a tsaunin Mambila: laifin kafireto ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Boxer da nake hawa a Jalingo ba matsala. An mayar da ni aiki Gembu, tun daga hawan Mayo Selbe mashin ya yi nauyi, yana fitar da baƙin hayaƙi, ga shan mai. Wani bakanike ya ce sai na canza kafireto. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Kafiretonka bai lalace ba, iska ce ta canza masa.

Jalingo ba ta kai mita 400 sama da teku ba, Gembu kuwa tana wajen mita 1,600. Duk hawan da ka yi, iska raguwar kauri take yi. Shi kafireto bai san wannan ba, kusan man da ya saba bayarwa a ƙasa shi yake bayarwa, sai mai ya rinjayi iska, ya kasa ƙonewa duka. Baƙin hayaƙin ke nan. Kwance fulogi ka duba, za ka ga bakinsa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Inji mai lafiya, bakin fuloginsa ruwan ƙasa ne, launin ƙuli-ƙuli.

Abu ɗaya kam saiti ba ya dawo da shi: inji yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300. Ka ga kai ka rasa sama da kashi 10, sai haƙuri da ƙaramin giya.

Kafin ka taɓa komai, wanke matatar iska. Na sha ganin an kwance kafireto kaca-kaca, ashe soson matatar ne ya toshe da ƙura.

Daga nan sai ƙaramin sukurun da ke gefen kafireto, ba na silo ba, ɗayan. Bari inji ya ɗau zafi sosai, domin sanyin Gembu yakan ruɗi mutum ya yi saiti a kan inji mai sanyi. Idan sukurun yana ɓangaren matatar iska, na iska ne, warware shi ake yi. Idan yana ɓangaren inji, na mai ne, ɗaure shi za ka yi. Kwatan zagaye kawai, ka tsaya ka saurara. Inda ƙarar inji ta fi tashi kuma ta daidaita, nan ne wurinsa, sannan ka gyara silo. Ka ƙirga zagayen da ka yi, ka rubuta.

Wannan sukurun aikinsa daga silo ne zuwa kwatan totur. Idan mashin yana shaƙewa a tsakiyar totur, matsalar allurar da ke cikin kafireto ce. In taka mai layi-layi ce a sama, mayar da ɗan maƙallinta layi ɗaya sama, allurar ta sauka, mai ya ragu. Babban jet kuwa, wato ɗan ƙarfe mai huji da mai yake bi a cikin kafireto, sai an kusa ƙure totur yake da ta cewa. In fulogi ya ci gaba da baƙi bayan duk wannan, a rage shi lamba ɗaya, kada a wuce. Sanyin tsaunin yana ɗan ƙara wa iska kauri, shi ya sa ba na son a zurfafa.

Haɗarin yana wajen saukowa. Mashin da aka rage wa mai don Gembu, in ya sauko Serti ko Bali cikin zafi, iska za ta rinjayi mai, inji ya yi zafi fiye da kima, fulogi ya yi fari, har fistin ya iya ƙonewa. Mai ya yi yawa, asararka fetur da fulogi. Ya yi kaɗan, inji ne zai tafi. Don haka wanda zai je ya kwana biyu ya dawo, ya bar kafiretonsa yadda yake, ya riƙe fulogi ɗaya a aljihu. Kai da za ka zauna, yi saitin, ka ajiye tsohon jet ɗin da takardar da ka rubuta zagayen a ƙarƙashin kujera, ranar saukowa ka mayar da komai tun kafin ka bar Mayo Selbe.