Babur 125 mai siffar tsere: zai iya zuwa aiki kullum, ko ado ne kawai?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka ga TVS Raider 125 ya kwanta maka a rai, kana so ka riƙa zuwa aiki da shi kullum, amma abokai sun ce maka kwalliya ce kawai, inji 125 ba shi da abin kirki, gara ka tsaya a kan babur na aiki da aka saba ko ka jira ka sayi babba. Na daɗe a kan ƙananan babura. Na fara da na aiki mai giya huɗu da birkin ganga gaba da baya, daga baya na koma irin wannan da kake magana a kai, ko da yake nawa ba na kamfanin da ka ambata ba ne. Ga abin da na gani.

Babur ɗin nan na aiki ne, kuma da wannan idon ya kamata ka dube shi. Tankin da aka kumbura, da fitilar da aka matse, da kujerar da aka raba biyu ba su mai da shi na tsere ba. Amma abokanka sun yi kuskure da suka ce ado ne kawai, domin a ƙarƙashin adon akwai abubuwan da babur na aiki na gargajiya ba shi da su: birkin faifai a gaba, tayoyi masu faɗi marasa tif, shokazoba ɗaya a tsakiyar baya, da giya ta biyar. Waɗannan su ne suka sa na kasa komawa tsohon nawa, ba gudu ba.

Bari mu ɗauki lambobin shi Raider ɗin, tunda shi ka ambata. An fito da shi a Indiya a 2021. Injinsa 124.8cc ne, silinda ɗaya, bawul uku, iska da mai ke sanyaya shi. Yana ba da ƙarfin doki 11 da 'yan kai idan inji ya kai juyi 7,500 a minti, ƙarfin jansa kuma 11.2 Nm a juyi 6,000. Giya biyar, tanki lita 10, nauyi kilo 123, tsayin kujera milimita 780, tayoyi inci 17. Ka ajiye shi kusa da Bajaj Pulsar NS125, wanda shi ma a 2021 ya fito. Shi Pulsar bawul huɗu gare shi, ƙarfin dokinsa ya kusa 12, amma sai inji ya kai juyi 8,500 kafin ya ba da shi. Ƙarfin jansa 11 Nm a juyi 7,000, tankinsa lita 12, nauyinsa kilo 144, kujerarsa milimita 805.

Wanda ya duba ƙarfin doki kaɗai zai ce Pulsar ya fi. To amma ka lura da abu biyu. Na farko, bambancin nauyinsu kilo 21 ne, kuma a ƙaramin inji kilo 21 ba wasa ba ne, za ka ji shi a duk tashi daga danja, za ka ji shi ranar da za ka tura babur da hannu a matsatsin wuri. Na biyu, ka dubi inda ƙarfin yake fitowa. Injin da ke ba da ƙarfin jansa da wuri shi ne ke jin daɗin cikin gari, domin a cunkoso ba ka samun filin da za ka murza totur har inji ya yi kuka. Kana tafiya a giya ta uku, mota ta rage gudu a gabanka, ka saki, ta buɗe hanya, ka murza kaɗan, babur ya ɗauka ba sai ka sauke giya ba. Wannan shi ne abin da za ka yi sau ba adadi kowace safiya. Shi kuwa mai nauyin, nasa amfanin yana kan buɗaɗɗen titi: ya fi zama daram idan babbar mota ta wuce ta gefenka da iskarta, kuma dogon mutum ya fi sakewa a kansa. Don haka ba na cewa ɗaya ya fi ɗaya sai na san hanyar mutum. Ni dai, don zirga-zirgar gari, mara nauyin nake zaɓa.

Kan maganar gudu, kada kowa ya ruɗe ka. Baburan wannan aji suna ƙarewa ne a wajen kilomita 100 a awa, kuma agogon gudu yakan nuna fiye da gaskiya kaɗan. Dalilin ba rowar kamfani ba ne, iska ce. Turjiyar iska tana ninkuwa huɗu idan ka ninka gudu biyu, ƙarfin da ake bukata don keta ta kuma yana ninkuwa takwas. Shi ya sa babur ke kai 60 cikin sauƙi, ya kai 80 da ɗan jira, daga nan zuwa 100 kuwa sai ka ga allura tana rarrafe. Inda waɗannan injuna suke numfashi lafiya shi ne tsakanin 60 da 80. Idan hanyar aikinka babban titi ce inda motoci ke zuba 100 zuwa sama ba tsayawa, 125 zai wahala, kai ma za ka wahala, domin ba ka da sauran ƙarfin da za ka wuce doguwar mota da sauri. A nan ina ba ka shawarar ka duba 150 ko 160.

Akwai wani aji na 125 da ya kamata ka bambance, don kada a haɗa maka su. KTM 125 Duke, wanda ya fito a 2011, da Yamaha MT-125 da R125, injinsu ruwa ke sanyaya shi, giya shida, ƙarfin doki kusan 15. Dukkansu sun tsaya a 15 ɗin ne saboda dokar lasisin A1 ta Turai, wadda ta kayyade wa sabon matuƙi inji 125cc da ƙarfin da bai wuce kilowat 11 ba. Waɗannan an gina su ne don matashin da doka ta hana shi babba, sai aka zuba masa duk fasahar babba a ƙarami. Suna da daɗi ƙwarai, amma sun fi tsada nesa ba kusa ba, kuma suna zuwa da lagireto da fanka da famfon ruwa, duk abubuwan da za su iya neman gyara. Masu cikakkiyar rigar roba irin R125 ko R15 kuma kan nasu yana ƙasa, sai ka duƙa. A buɗaɗɗiyar hanya iska na tallafe ƙirjinka, amma a cunkoso duk nauyinka yana kan wuyan hannu, kuma faɗuwa ɗaya a tsaye tana iya fasa roba mai tsada. Wanda kake so ba ya cikin wannan matsalar, zamansa a miƙe yake, ƙafa ce kawai aka ɗan ja baya.

Yanzu birki, inda nake so ka fi tsayawa. Idan ka taka birki nauyin babur da naka yana zubowa gaba, tayar gaba ta danne ƙasa, ta baya ta yi sako-sako. Saboda haka mafi yawan tsayawa a gaba take, baya taimako ne kawai. Mu da muka koyi tuƙi a kan birkin ganga mun saba da taka na baya mu bar na hannu, saboda na hannun ba ya kamawa sosai, kuma an tsoratar da mu cewa zai kifar da mutum. Faifan milimita 240 da ke gaban waɗannan baburan wani abu ne daban. Yatsu biyu sun isa, yana kamawa daidai gwargwadon matsawarka, kamunsa ba ya raguwa idan ya yi zafi a dogon gangare kamar yadda ganga ke yi, kuma yana bushewa da wuri bayan ka ratsa ruwa. Na sha tsayawa a tazarar da na san tsohon babur ɗina ba zai tsaya ba, yaro ya faɗo titi, ko mai mota ya buɗe ƙofa ba duba. Shi Raider ana yin sa iri-iri, har da mai ganga a gaba. Ina roƙonka kada ka ɗauki wannan don sauƙin kuɗi, nan ba wurin tsimi ba ne.

Ka kuma tambayi wane tsarin birki ke kansa. A Afrilun 2019 Indiya ta wajabta ABS ga babur da ya haura 125cc, shi kuwa 125 zuwa ƙasa aka yarda da ABS ko haɗaɗɗen birki, wato CBS. Haɗaɗɗen yana nufin idan ka taka na baya yana ɗan matsa na gaba tare. Yana taimaka wa mai tsohuwar ɗabi'a, amma ba ya hana taya kullewa. ABS ne ke hana ta kullewa a kan yashi ko jiƙaƙƙen titi, ta hanyar saki da kamawa da sauri fiye da yadda hannu zai iya. Idan akwai mai ABS a cikin abin da aljihunka zai kai, ɗauke shi. Ko wanne ka samu, ka nemi fili babu motoci ka koyi matsa na gaba a hankali sannan da ƙarfi, har hannunka ya saba, kafin ranar da za ka bukace shi.

Tayar bayan Raider 100/90-17 ce, wato faɗinta milimita 100. Ta fi siririyar tayar babur na aiki riƙe ƙasa a kwana, kuma da yake ba tif a ciki, ƙusa ba ta sace iska nan take, sau da yawa za ka ƙarasa inda za a toshe maka. Sai dai ƙafar alloy, wato wilin da aka zuba ɗungurungum ba mai wayoyi ba, ba ta da haƙurin mai waya. Waya tana lanƙwasa a gyara, alloy kuwa idan ka afka rami da gudu tana iya tsagewa. Idan hanyarka gargada ce da ramuka, ka sa wannan a lissafi.

Akwai abubuwan da za ka rasa, kuma gara ka sani tun yanzu. Kujerar baya a ɗage take kuma gajera, wanda ka goya zai ji jiki a doguwar tafiya, dattijo ko mai ɗauke da yaro ba zai so ta ba. Babu kariyar ɗaura kaya. Cen, wato sarƙar da ke juya tayar baya, a buɗe take, ba a cikin akwati kamar ta babur na aiki ba, don haka ƙura da ruwa suna cin ta, dole ka riƙa wanke ta kana sa mata mai, kana duba sakinta yadda littafin babur ya ce. Wanda ya yi sakaci da wannan zai canza cen da haƙoranta da wuri, ya ce babur ne ba shi da ƙarko. Idan neman kuɗi za ka yi da shi, ɗaukar fasinja ko kaya daga safe zuwa dare, ba naka ba ne.

Yawancin sababbin nan ba kabireta gare su ba, kwamfuta ce ke auna mai ta fesa. Abin da na ji daɗinsa shi ne tashi da asuba ba jan cok, da shan mai da bai canzawa. Da hannu mai sanyi, irin waɗannan injuna suna haura kilomita 50 a lita, ka ga tankin lita 10 zai kai ka wajen kilomita 500. Amma tsarin yana da sharuɗɗansa. Yana son batir mai rai, domin famfon mai da lantarki yake aiki, wasu ma ba su da kik ko kaɗan. Yana son mai mai tsabta. Ba ya son a riƙa tafiya da tanki a ƙarshe, saboda man da famfon ke nutse a ciki shi ke sanyaya shi. Na taɓa kai nawa wurin wani bakanike da bai san tsarin ba, ya yi ta kwance-kwance yana neman abin da babu, alhali waya ɗaya ce ta saki. Tun daga nan na gane cewa kafin a sayi babur ana fara neman wanda ya iya gyaransa da inda kayansa suke. Ka kuma sani suna ɗaya yana iya zuwa da kaya daban daga ƙasa zuwa ƙasa, wani da kabireta wani da feshi, don haka ka duba wanda ke gabanka da idonka, kada ka dogara da hoton intanet.

Baƙin mai kuma ka sa na babur mai alamar JASO MA ko MA2. Kulocin babur a cikin man inji yake wanka, man mota na zamani kuwa yana da sinadarin rage gogayya da ke sa kuloci sulɓi.

Abu ɗaya da ke ɓata mini rai shi ne yadda ake lalata waɗannan baburan da sunan ƙara musu ƙarfi. A huda salansa, a cire matatar iska, a sa ƙatuwar taya a baya. Ba girin-girin ba dai, a yi mai. Salansar da aka huda ƙara take ƙarawa, ƙarfin ja a ƙaramin juyi kuma ya ragu, inji ya riƙa zafi. Tayar da ta fi ƙima nauyi ce a kan doki 11, tana cin mai tana kashe tashi. Kuɗin da za ka zuba a nan ka sayi hular kwano mai rufe haɓa, da safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu.

Ban raina maganar kyau ba, domin ni ma kyansa ne ya fara jawo ni. Abin da za ka hau kullum ya kamata ya zama abin da kake so, kuma na lura wanda ke son babur ɗinsa shi ne ke wanke shi, ya duba iskar taya, ya ji ƙaramar ƙara tun ba ta girma ba. Ga kuma daɗin da ƙaramin babur mai kyakkyawan ƙashi ke bayarwa wanda babba ba ya bayarwa a gari: kana amfani da duk ƙarfinsa, kana canza giya, kana kwantawa a kwana, alhali ba ka wuce gudun da doka ta yarda ba.

Ranar da za ka je dubawa, ka hau ka ga ko tafin ƙafarka na taɓa ƙasa, ka juya kan har ƙarshe hagu da dama ka ga ko gwiwarka ko tanki na tare shi, ka sa wanda za ka riƙa goyawa ya hau bayanka ya faɗi yadda ya ji. Idan an bar ka ka gwada, ka tafi a hankali a giya ta uku ka murza ka ji ko yana ɗauka ba tare da shaƙewa ba, sannan ka riƙe shi a 70 ka ji ko kai da wurin sa ƙafa suna karkarwa. Ka faɗa mini nisan wurin aikinka, da yanayin titin, da ko za ka riƙa goyo kullum, sai in gaya maka ko ka tsaya a 125 ɗin ko ka haura 150.