Littattafan Luke Harding kan leƙen asirin Rasha: gaskiya ce ko farfagandar Turawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ɗalibin aikin jarida ne a Kano. Tun lokacin zanga-zangar watan Agustan 2024 da muka ga yara suna ɗaga tutar Rasha nake son in fahimci ƙasar nan, sai wani yayana ya turo min littattafan wani Bature Luke Harding, to amma abokaina a majalisa sun ce duk ƙaryar Turawan Yamma ce kawai don a ɓata Putin, kar ma in ɓata lokacina. Malam shin abin da ke ciki gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, amin summa amin. Ka karanta su mana, amma fa kar ka ɗora su duka a sikeli ɗaya, don wallahi ba nauyinsu ɗaya ba, akwai wanda hujjarsa ta je gaban alƙali ta tsaya da ƙafarta, akwai kuma wanda lokaci ya zo ya rage masa ƙarfi sosai. Abokanka sun yi kuɗin goro ne, shi kuma kuɗin goro a irin wannan magana shi ne yake sa mutum ya rasa gaskiyar da ƙaryar gaba ɗaya.

Shi dai Luke Harding ɗan jaridar Guardian ne ta Birtaniya, ya zauna a Masko a matsayin wakilinsu daga 2007 zuwa 2011. Bai daɗe da zuwa ba jaridarsa ta buga hira da Boris Berezovsky, wani attajirin Rasha da ya gudu Landan, inda ya ce yana shirin kifar da gwamnatin Putin, sunan Harding na cikin waɗanda suka rubuta labarin, daga nan ne hukumar tsaro ta FSB, wato magajiyar KGB, ta sa masa ido har ta kira shi gidan yarin Lefortovo ta yi masa tambayoyi. Littafinsa Mafia State na 2011 labarin wannan zaman ne. Abin da ya fi tsaya min a rai a ciki ba wani babban sirri ba ne, yadda ake shiga gidansa ne in ba ya nan, ba a ɗaukar ko allura, sai dai ya dawo ya tarar an buɗe tagar ɗakin yaransa wadda ya tabbata ya kulle, gidan kuma can saman bene ne, ko agogo ya kama ƙara cikin tsakar dare alhali ba wanda ya saita shi. Ka duba fa, in ka je ka faɗa wa wani cewa an shigo gidanka an buɗe taga an tafi ai cewa zai yi kanka ya taɓu, to dama abin da ake so kenan, ka dinga zargin hankalinka kana tsoron abin da zai samu 'ya'yanka. A Fabrairun 2011 ya sauka filin jirgin Domodedovo aka soke bizarsa aka mayar da shi Landan, bayan ya yi ta rubutu kan takardun sirrin Amurka da shafin WikiLeaks ya fallasa, waɗanda a cikinsu wani mai gabatar da ƙara na Sifen ya kwatanta Rasha da ƙasar 'yan mafiya. Hukumomin Rasha sun ce matsalar takardun izinin aiki ce. Wannan littafin shaidar mutum ɗaya ce kan abin da ya same shi, haka za ka ɗauke shi, kuma ka riƙe a ranka cewa wanda aka yi wa haka da wuya ya rubuta Rasha da sanyin zuciya.

Wanda na fi yarda da shi, kuma nake ba duk ɗalibin jarida shawarar ya karanta, shi ne A Very Expensive Poison na 2016, kan kisan Alexander Litvinenko, tsohon jami'in FSB da ya gudu Birtaniya. Ranar 1 ga Nuwamban 2006 ya haɗu da wasu 'yan Rasha biyu, Andrei Lugovoi da Dmitry Kovtun, a otal ɗin Millennium da ke unguwar Mayfair a Landan, akwai butar koren shayi a kan tebur aka ce bismillah, ya kurɓa 'yan kaɗan shayin ma ya huce, daren nan ya fara amai, gashinsa ya zube, likitoci suka rasa gane kan ciwon, ranar 23 ga watan ya rasu. Gubar sunanta polonium-210, sinadarin nukiliya ne da ba a samunsa a kasuwa sai a tashar nukiliya, kuma na'urorin da asibiti ke auna tururin nukiliya da su ba sa kama irin nasa, shi ya sa sai dab da mutuwarsa masana a cibiyar makaman nukiliya ta Aldermaston suka gano ko mene ne. To daga nan ne asiri ya tonu, don ita wannan guba duk inda mai ɗauke da ita ya taɓa sai ta bar sawu, aka bi aka same ta a butar shayin, a ɗakunan otal ɗin da mutanen biyu suka kwana har cikin bututun wajen wanke hannu, a jiragen da suka hau, har a filin wasa na Emirates inda Lugovoi ya je kallon Arsenal da CSKA Moscow a wannan ranar. Shi kuma Litvinenko yana kwance rai a hannun Allah amma ya kwashe sa'o'i yana ba 'yan sanda bayani dalla-dalla kamar shi ne mai binciken kisan nasa. Mahaifinsa da abokinsa Akhmed Zakayev sun ce ya musulunta kafin ya cika.

Me ya sa na ce wannan ya fi ƙarfi? Saboda Harding ba da bakinsa kaɗai yake magana ba, an yi zaman bincike a bainar jama'a ƙarƙashin alƙali Sir Robert Owen, shaidu suka zo, masana kimiyya suka zo, a Janairun 2016 ya fitar da rahoto cewa Lugovoi da Kovtun ne suka yi kisan, kuma mai yiwuwa ne sosai da amincewar shugaban FSB na lokacin Nikolai Patrushev da shi Putin. Ka lura da kalmar nan ta mai yiwuwa, alƙalin bai ce ya ga takardar umarni ba, kuma wani ɓangare na shaidar a asirce aka saurara, wannan gyara ne da ya kamata ka riƙe. A 2021 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ita ma ta ɗora wa Rasha alhaki. Rasha ta musanta, mutanen biyu sun musanta, ta ƙi miƙa su, Lugovoi ma ya zama ɗan majalisar dokoki tun 2007. Amma sawun polonium ba ra'ayin jarida ba ne, abu ne da aka auna.

Sai kuma Collusion na 2017, wanda ya fi duka kasuwa kuma a ganina shi ya fi rauni. Magana ce kan Trump da Rasha da zaɓen Amurka na 2016, kuma ya jingina da yawa kan rahoton sirri da Christopher Steele, tsohon jami'in hukumar leƙen asirin Birtaniya ta MI6, ya haɗa. A nan sai ka raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Shin Rasha ta yi katsalandan a zaɓen? Robert Mueller da aka ba binciken ya ce ƙwarai kuwa, a Fabrairun 2018 ya tuhumi 'yan Rasha 13 da kamfanoni 3 kan gidan yaɗa farfaganda na Saint Petersburg da Yevgeny Prigozhin, wani attajiri na kusa da Putin, ke ɗaukar nauyi a lokacin, inda ma'aikata ke buɗe shafukan bogi a Facebook da Twitter suna shigar Amurkawa, a Yuli kuma ya tuhumi jami'an leƙen asirin soja na GRU 12 da kutse cikin kwamfutocin jam'iyyar Democrat. Amma shin kwamitin kamfen ɗin Trump ya haɗa baki da gwamnatin Rasha? Rahoton Mueller na 2019 ya ce binciken bai tabbatar da haka ba, duk da cewa an samu hulɗoɗi da yawa, irin yadda Paul Manafort, shugaban kamfen ɗin Trump a lokacin, ya ba abokin hulɗarsa ɗan Rasha Konstantin Kilimnik bayanan jin ra'ayin masu zaɓe. Shi kuma rahoton Steele da aka zo aka tsefe shi sai aka ga manyan zarge-zargensa da yawa ji-ta-ji-ta ne daga bakin wani zuwa bakin wani. Sannan a Nuwamban 2018 Harding da wani abokin aikinsa sun buga labari cewa Manafort ya gana da Julian Assange, wanda ya kafa WikiLeaks, a ofishin jakadancin Ecuador a Landan, dukkansu biyu suka ƙaryata, kuma ba wata kafa da ta iya tabbatar da shi. Gaskiya abin nan ya yi min ciwo, don mutum ne da na ga ingancin aikinsa a kan Litvinenko, sai ga shi ya yi gaggawa a inda ya kamata ya jira, kuma da irin wannan ne masu cewa duk ƙarya ce suke samun abin kamawa.

Shadow State na 2020 yana tsakiya. Babin harin garin Salisbury na Ingila a Maris 2018, inda aka shafa gubar Novichok a marikin ƙofar Sergei Skripal, tsohon jami'in GRU da ya yi wa Birtaniya leƙen asiri, yana da ƙwari, don masu bincike na Bellingcat sun bi bayanan fasfo sun gano mutum biyun da suka fito a tashar talabijin ta gwamnatin Rasha RT suna cewa yawon ganin coci suka je jami'an GRU ne, Anatoliy Chepiga da Alexander Mishkin. Inda ya koma kan tasirin Rasha a ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai kuwa, hasashe ya fi hujja yawa.

Abokanka suna da gaskiya ta wani gefen, ba zan hana su ba. Turawan Yamma ba waliyyai ba ne, mun san hannun Amurka da Birtaniya a kifar da Mossadegh na Iran a 1953, mun san abin da aka yi wa Lumumba, mun ga yadda manyan jaridunsu suka haɗiye ƙaryar makaman ƙare dangi na Iraƙi a 2003. Amma laifin wani ba ya wanke wani, kuma shi wannan Harding ɗin dai shi ne ya rubuta The Snowden Files a 2014 kan yadda Amurka da Birtaniya ke leƙen wayoyin duniya, jaridarsa kuma sai da gwamnatin ƙasarsu ta tilasta mata farfasa kwamfutocin da ke ɗauke da takardun Edward Snowden, Ba'amurken da ya fallasa sirrin, a 2013.

Batun tutocin Kano kuwa, littattafan nan ba za su ba ka amsarsa ba, an kama teloli, ofishin jakadancin Rasha ya ce ba hannunsa, kuma yunwa da tsadar rayuwa da suka fito da mutane titi ba daga waje aka kawo su ba. Abin da za su koya maka shi ne salon aikin, kuma salon ya iso yankinmu, a Oktoban 2019 Facebook ya rufe shafukan da ya danganta da Prigozhin masu auna ƙasashe irin su Kamaru da Sudan da Libiya, a Maris 2020 kuma aka bankaɗo wasu matasa a Ghana da Najeriya da aka ɗauka aiki suna rubutu kan wariyar launin fata don Amurkawa su karanta, wasunsu ma ba su san wa suke yi wa aiki ba.

Ka fara da na Litvinenko, kana karantawa kana ja layi a ƙarƙashin duk inda ya ce ga wanda ya faɗa da sunansa, ka yi wata alama daban a inda ya ce wata majiya ce da ba ta so a ambace ta, in ka gama ka ƙirga. Collusion kuma ka bar shi sai ka sauko da rahoton Mueller a wayarka, kyauta yake a intanet, shafi 448 ne, ka dinga karanta su tare babi da babi. Allah ya ba da sa'ar karatu.