Tambaya da amsa: sakan nawa ya kamata kowane shot na diron ya yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Oga, Allah ya ƙara basira. Ni a Unguwar Rogo nake a nan Jos, na sayi diron DJI Mini 3 na hannu, na je duwatsun Shere da dam ɗin Lamingo na ɗauko abubuwa masu kyau wallahi. Da na haɗa a manhajar CapCut ya kai minti 5, abokaina suka ce barci yake sa su. Na koma na yayyanka shi gajeru gajeru ina bin kiɗa na zuba tiransishin, wato adon sauyawa daga wannan hoton zuwa wancan, ko'ina, yanzu kuma wai jiri yake sa su. Dan Allah sakan nawa ya kamata kowane shot ya yi, kuma wane salo ya fi dacewa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, amin na gode. Abokan nan naka gaskiya suka faɗa maka duka sau biyun, ka riƙe su da kyau. In lamba kake so toh ga wadda nake aiki da ita: a bidiyo mai kwance na YouTube yawancin shot, wato ɗauka guda daga yanka zuwa yanka, sakan 4 zuwa 7, wanda ya fi kowanne kyau ya kai 10 ko 12, a Reels da TikTok kuma sakan 2 zuwa 3. Amma abin da ke yanke hukunci shine lokacin da idon mai kallo ya gama ganin abin da ka kawo masa. Da ya gama ka yanka. Ka yanka bai gama ba ka ƙware shi, ka bar shi yana jira bayan ya gama kuma zai ja yatsa ya wuce gaba.

Ɗauki Shere ɗin da ka je. Ace diron na ƙasa ƙasa a bayan wani ƙaton dutse, yana tashi a hankali, dutsen na sauka, sai ga garin Jos ya buɗe can nesa. Wannan shot ɗin yana da farko yana da inda ya dosa, mutum zai zauna masa sakan 10 ko ƙiftawa bai yi ba saboda yana jiran ya ga me ke bayan dutsen. Ka fara shi kamar sakan 2 kafin garin ya leƙo, garin ya buɗe, ka ba ido sakan 2 ya sha kallo, shikenan ka fita. Amma wanda ka haura mita 100 kana tafiya gaba kawai a saman ciyawa babu abin da ke canzawa, komai kyansa sakan 3 zuwa 4 ya ishe shi, don a nan ido ya riga ya kwashe komai. Ina kyautata zaton minti biyar ɗinka na farko irin waɗannan ne suka cika shi. Na san da ciwo, ka sha hawan dutse, ka ƙona batir, kowane shot ji kake kamar ɗanka, amma mai kallo bai hau dutsen tare da kai ba. Minti ɗaya da rabi mai ƙarfi ya fi biyar ɗin nan nesa ba kusa ba.

Kafin ma ka sa kiɗa, bi kowane kilif ka cire kai da wutsiya. Duk inda ka ga kyamara ta ɗan zabura, ko ka gyara hannu diron ya karkata, ko gimbal, wato abin da ke riƙe da kyamarar, ya sunkuya da ƙarfi, jefar da wajen. Abin da ake so shine tsakiya, inda motsi ɗaya ne ke tafiya sumul. Kuma ka shiga shot yana cikin tafiya ka fita yana cikin tafiya, kar mu ga inda ya tsaya cak sannan ya fara. Shere akwai iska sosai, saman nan ya haura mita 1,800, ƙaramin diron irin naka da bai kai giram 250 ba dole ya riƙa kokawa da ita, don haka gaba in za ka fita ka tura makunnin rimot zuwa C, wato Cine, zai rage maka zafin hannu.

Yanzu maganar jiri. Ba gajartar shot kaɗai ta kawo shi ba, rashin jituwa ne tsakanin shot da mai bi masa. Wannan na tafiya dama, na gaba ya fizgi hagu, wani ya ja baya da gudu, wani na rarrafe, kaga kamar direban da ke taka totur yana taka birki, dole fasinja ya ji amai. In shot na tafiya gaba to mai bi masa ma ya tafi gaba, ko ya zama wanda ke kallon ƙasa kai tsaye yana zamewa ta wannan ɓangaren. Saurinsu a ido ma ya zo kusa da juna, kuma ka lura wanda aka ɗauka ƙasa ƙasa kullum ya fi nuna gudu a kan na can sama ko da saurin diron ɗaya ne, sai ka ɗan rage masa. In dole ne ka juya akala, sa wani shot mai natsuwa a tsakani ya zama mahaɗa.

Sai girman abin da ake gani. Kar ka jera masu faɗi uku a jere, duk za su koma abu ɗaya. Mai faɗi na dam ɗin Lamingo, sai na kusa inda ruwa ke taɓa dutse, sai na sama kai tsaye, sannan ka sake buɗewa. Jos Allah ya ba mu abin ɗauka ta sama, tafkunan da haƙar kuza ta bari wajen Rayfield da Bukuru, jar ƙasa a gefe ruwa a tsakiya, wallahi in ka kalle su daga sama kamar zane. Kuma dan Allah ka nemi mutum ko mashin ko garken shanu a cikin hoton, daga nesa ba tare da ka firgita dabbobin mutane ba. Dutsen Riyom in babu mutum a gindinsa wanda bai taɓa zuwa ba ba zai san girmansa ba. Lokaci ma ka bi shi a jere, in da hasken safiya ka fara kar ka yi tsalle zuwa la'asar ka dawo tsakar rana.

Tiransishin kuwa goge su duka. Yanka tsaf shi ne salon irin wannan bidiyo, narkewa ɗaya ko biyu inda aka canza wuri ko lokaci ya wadatar. Masu juyawa da walƙiya da zuƙowa ɗin nan suna janye ido daga dutsen da ka sha wuya ka ɗauko.

Kiɗa ka zaɓe shi kafin ka fara jerawa, amma kar ka yanka a kan kowane bugu, nan ne ka faɗa a karo na biyu. Ga lissafin: kiɗa mai bugu 80 a minti, bugu huɗu sakan 3 kenan, takwas sakan 6. Toh ka riƙa yanka a farkon kowane huɗu ko takwas, wani shot ya ci 3 wani 6, babban kuma ya ci 12 daidai inda kiɗan ya buɗe. Wannan bambancin shi ke sa bidiyo numfashi, in duk tsawonsu ɗaya ne mutum zai fara hasashen yankan kafin ya zo. In za ka ɗora a YouTube ɗauki kiɗa daga Audio Library ɗinsu, kyauta ne, waƙar mutane kuma Content ID, wato tsarin YouTube mai gano waƙar da ke da mai ita, zai kama ta.

Wani abu da ƴan diron da yawa ke mantawa kuma yana damuna: diron ɗinka baya ɗaukar sauti. Bayan ka saukar da shi ciro wayarka ka ɗauki iska, kukan tsuntsaye, ƙarar ruwa in kana wajen ruwan da ke gangarowa daga dutse a Assop, ko minti ɗaya ne. Sa shi ƙasa ƙasa a ƙarƙashin kiɗan, kuma ka bar ƙarar ruwan ta shigo kamar sakan 1 kafin hoton ruwan ya bayyana. Gwada ka gani, yankan zai ɓace gaba ɗaya.

Silo moshin, wato rage gudun bidiyo, akwai ƙa'ida. Mini 3 a 4K iyakarsa firem 30, wato hoto 30, a sakan, in ka ja shi zuwa rabi zai riƙa tsinkewa, in ka kunna saitin manhaja mai cike gurbin firem kuma ruwa da ganye su narke su lalace. Abin da za ka iya shine ka ɗauka a 30, ka rage gudu zuwa kashi 80, ka fitar a 24, zai yi laushi babu tsinkewa. In rabi kake so sauka 2.7K ka ɗauka a 60 ka fitar a 30. Ranar Jos na da kaifi, ka nemi filtar ND, wato gilashin da ke rage hasken da ke shiga kyamara, don shota, wato saurin ƙiftawar kyamarar, ta sauko kusa da ninkin firem ɗinka, misali 1/60 a firem 30, in ba haka ba duk juyawar da ka yi za ta riƙa kakkarwa kuma editin ba zai gyara ta ba.

Kala kar ka cika hannu. Da damina Filato kore ne shar da kansa, ka ƙara masa sai ciyawa ta koma kamar fenti. Da hunturu kuma hazo ke wanke hoto, ɗan ƙara kwantaras, wato bambancin haske da duhu, kaɗan ka bar shi, duwatsu na jeruwa baya baya a cikin hazon nan kuma yana da nasa kyan. Babban aikin shine duk shot ɗin su zo kala ɗaya. In don Reels ne juya kyamarar a tsaye tun wajen ɗauka tunda Mini 3 na yi, ya fi ka yanke gefe daga baya, kuma mafi kyawun shot ɗinka shi za ka sa a farko, ba tambari ko sunanka ba.

Tunda kana yawo da shi a Jos, ka nisanci filin jirgi na Heipang da barikin Rukuba da duk wajen jami'an tsaro, tun 2016 hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama ta ce sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ake tashin diron, kuma in ƙauye ka shiga ka fara gaida mai unguwa ka faɗi abin da ya kawo ka. Ka sake yanka na Shere ɗin zuwa sakan 90 babu tiransishin ko ɗaya, ka turo min in duba maka jerin.